Yadda za ka tsara ginin ofis da ba ya shan wuta, intanet ɗinsa kuma ba ya yankewa

Duk wanda ya zo min da maganar gina ofis, abin da nake fara ce masa shi ne kafin akitek ya ja layi ko ɗaya a zaunar da mutum uku a tebur guda, shi mai zanen, da injiniyan wuta da esi, da wanda zai ja wayoyin intanet. Na taɓa shiga wani gini sabo fil, an yi fenti an sa tayil har an fara shigo da kujeru, sai ga leburori da guduma suna fasa bango wai za a binne fayif ɗin kebul, don ba wanda ya tuna da shi sai da aka zo jera kwamfutoci. Wallahi abin ya dame ni, gyaran da a takarda minti biyar ya isa, shi ne ya ci makonni da ƙura da kuɗi.

To fara da rana. A wuraren zafi esi ne ke cinye kaso mafi tsoka na wutar ofis, kuma yawancin zafin da yake fama da shi ta taga da rufi yake shigowa. Don haka ka juya ginin ta yadda dogayen ɓangarorinsa za su kalli arewa da kudu, gajerun su kalli gabas da yamma. Dalili kuwa, da tsakar rana tana can sama, ƴar rumfa a saman taga ta isa ta tare ta, amma da hantsi da la'asar a kwance take shigowa har cikin idon mai zama a tebur. Ɓangaren yamma ka ba wa matakala da banɗaki da sito da lif, wuraren da ba a wuni a ciki, su zama garkuwa.

Sai gilashi, nan ne mutane suka fi ruɗuwa don gini mai gilashi daga sama har ƙasa yana da kyau a hoto. Amma je ka duba da ƙarfe uku na rana, za ka ga ma'aikatan da ke kusa da taga sun ja labule ruf, wani ma ya manna kwali, an kunna fitilu da rana tsaka esi kuma yana ta gurnani, ka ga an yi asarar hasken an kuma sha zafin. Ma'aunin tsimin wuta a gine-gine mai lamba 90.1 na ASHRAE, ƙungiyar injiniyoyin esi ta Amurka, ya tsayar da taga a kashi 40 cikin ɗari na bango a tsarinsa na yau da kullum, ni dai ina ganin ko ƙasa da haka ya wadatar. Ka sa gilashi mai ninki biyu da shafen da ke mayar da zafi, kuma inuwar ta kasance daga waje, don labule na ciki sai zafi ya riga ya shigo yake tare haske. A Landan ma a 2013 wani dogon bene mai lanƙwasasshen gilashi a titin Fenchurch ya tattara hasken rana har ya narkar da sassan wata mota da aka ajiye a ƙasa. Rufi kuma a sa masa abin hana zafi ratsawa, a yi masa farin fenti. In kana son ganin inda aka kai wannan tunanin nesa, duba Eastgate Centre a Harare da Mick Pearce ya zana aka buɗe a 1996, iskar dare ce ke sanyaya kankaren ginin shi kuma ya riƙe sanyin da rana.

Sai an rage zafin nan tukuna za a yi lissafin esi. Kar ka yarda da "a sa babba don a huta", esin da ya fi ƙarfin ɗaki kunnawa da kashewa yake ta yi, yana shan wuta kuma ba ya cire danshi yadda ya kamata. A sa mai inbata, a raba ginin shiyya-shiyya ta yadda ɗakin taro da ba kowa ba zai sha sanyi a banza ba. A ɗakunan taro a maƙala sensa mai auna iskar kabon, a waje tana wajen 420 ppm, wato kashi 420 cikin miliyan, in ta haura 1,000 a ciki alama ce ana buƙatar sabuwar iska, shi ne za ka ga mutane na ta hamma a mitin.

Fitila ba ta da dogon zance. LED, haske lux 500 a kan tebur (lux shi ne ma'aunin ƙarfin haske), sensa mai kashewa in ba kowa, sannan layin fitilun da ke kusa da taga a ba su makunninsu daban. Sola kuma ita ce ta ƙarshe, bayan ka rage abin da ginin ke ci, kilowat ɗaya na fanel yana son fili kamar murabba'in mita 5, don haka tun a zane kar a cika rufi da tankuna da injinan esi barkatai.

Yanzu ɓangaren intanet. Kowane hawa yana buƙatar ɗan ɗakin wayoyi nasa, kuma a jera su wani a kan wani da rami guda da kebul zai bi daga ƙasa har sama. Wayar tagulla tana da iyaka, mita 90 a cikin bango, da mita 10 na gajerun wayoyin da ake jonawa a bakin biyu, in hawan ya fi haka faɗi sai ka ƙara ɗaki na biyu. Ka ja wayar tagulla samfurin Cat6A, tana ɗaukar gigabit 10 har mita 100, tsakanin hawa da hawa kuma faiba, wato wayar gilashi mai kai data da haske. Fayif kar a cika shi fiye da kashi 40 cikin ɗari, kuma a bar wasu babu komai a ciki da igiyar ja, nan da shekara biyar za ka gode wa kanka. Wayar data ta bi hanyarta daban da ta wuta. Wannan kebul ɗin fa yana iya kai wuta ma, tsarin PoE na 2018 yana ba da har wat 90, ya ishi kyamara da na'urar wayifai da wayar tebur, har fitilu, ginin The Edge a Amsterdam ta haka fitilunsa ke samun wuta.

Faibar da ke shigowa daga waje ta zama biyu, daga kamfani biyu, ta kusurwa biyu na ginin. In duk a rami ɗaya suke, ranar da mai haƙa kwata ya sare ɗaya ya sare duka.

Ɗakin saba, wato inda manyan kwamfutocin ajiyar bayanai suke, ba sito ba ne, kuma ba a ƙarƙashin banɗaki ba, ba fayif ɗin ruwa a silinsa. Esinsa daban mai aiki dare da rana, amma ba sai ya zama firiza ba, digiri 18 zuwa 27 ASHRAE ta ba da shawara. A sa UPS, na'urar da ke ba da wuta nan take in an ɗauke, da zai riƙe kayan kafin janareto ko batir ya karɓa. Na'urorin wayifai kuma a silin a fili, bayan an zagaya an auna sigina, don kankare na cin ta, gilashin nan mai mayar da zafi ma yana raunana sabis ɗin wayar hannu, gara ka sani tun da wuri.

Na'urar da ke kula da esi da fitilu da mitoci ka zaɓi mai magana da yaren da kowa ya sani irin BACnet ko Modbus, don kar kamfani ɗaya ya ɗaure ka. Kuma ka raba ta da hanyar kwamfutocin ma'aikata, a 2013 ta hanyar bayanan shiga na wani ɗan kwangilar esi ɓarayi suka kutsa kamfanin Target mai manyan shaguna a Amurka suka kwashe bayanan kati kusan miliyan 40. A sa mita daban wa esi, daban wa fitilu, daban wa ɗakin saba. Kafin ka karɓi makulli a gwada kowace waya a liƙa mata lamba a bakin biyu, a kashe wutar ginin gaba ɗaya da gangan a ga ko UPS ya ɗauka, sannan ka karɓi zanen yadda aka gina a zahiri, ba wanda aka fara da shi ba.