Yadda ake zagaya ƙauyukan kan dutse na Luberon

Duk wanda ya zo neman shawarata kan Luberon, yankin tsaunukan nan na kudancin Faransa, da takarda yake zuwa: ƙauye shida a rana ɗaya, wai ai a taswira suna kusa da juna. Yaga takardar. Hanyoyin sirara ne, lanƙwasa bayan lanƙwasa. Ƙauye biyu a rana ya isa.

Daga Faris ka hau jirgin ƙasa mai gudu zuwa Avignon, bai kai awa uku ba, ka ɗauki hayar mota a tashar. Ƙarama, ba jif ba. In ba ka iya manuwal ba, kama otomatik tun kana gida, ta fi tsada kuma da wuri take ƙarewa. Kada ka dogara da bas.

Fara da Gordes, kuma ka isa kafin ƙarfe tara na safe. Nan ne ni aka yi mini dukan kawo wuƙa. Wata Talata a watan Yuli na iso wajen sha ɗaya, ashe ranar kasuwarsu ce. Na yi ta zagaye ina neman wurin ajiye mota, daga ƙarshe na bar ta can ƙasa na hau da ƙafa, rana na dukan ƙeyata. Kafin in gama kallo ƙarfe biyu ta wuce, gidajen abinci duk sun rufe kicin. Can daga sha biyu zuwa biyu ake cin na rana, sai kuma bakwai na yamma. Burodi da zaitun na ci a tsaye jikin katanga. Don haka sha biyu na yi ka nemi teburi, ka kuma tambaya ko akwai naman alade, domin har cikin salak suna yanka shi ƙanana.

Titunan da duwatsu aka shimfiɗa su, ƙafafun mutane sun goge su har suna santsi. Silifas ba zai yi ba, sa kambas.

A kwarin da ke bayan garin akwai gidan ibadar Sénanque, wanda aka kafa a 1148, har yau masu ibada na zaune ciki, sai ka rage murya. Furen lavanda da ke gabansa daga ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli yake cika.

Roussillon bar shi sai la'asar, lokacin da rana ke kunna jar ƙasar tudun kamar garwashi. Kada ka kuskura ka shiga hanyar da ta ratsa tsohon wurin haƙar jar ƙasar da farar shadda, jan ba ya fita da sauƙi.

Kashegari Bonnieux da Lacoste, suna kallon juna ta tsallaken kwari. Oppède-le-Vieux kuwa a ƙasa ake barin mota a taka, sai ka riƙe ruwa. In Asabar ta same ka a yankin, tafi kasuwar Apt da sassafe.