Yadda ake shirya malaman gobe su koyar da ɗalibai masu naƙasa

Malamin da ya gama kwalejin horar da malamai bai taɓa zama da yaro kurma ko makaho ba, ranar da aka kawo masa irinsa, yakan ajiye shi a ƙarshen aji ya ci gaba da sauran. Laifin na horon da aka ba shi ne. A 2021 UNICEF ta ƙiyasta cewa yara kusan miliyan 240 a duniya suna da wata naƙasa, don haka da wuya malami ya yi ritaya bai gamu da su ba. Ga hanyar da ya kamata masu horar da malamai su bi.

A fara da gyara tunani. Yawancin ɗaliban kwaleji da tausayi suke zuwa, shi kuwa tausayi yakan sa a rage wa yaro aiki, a daina yi masa tambaya, har a daina sa ran zai iya. A sanar da su cewa karatu haƙƙinsa ne. Sanarwar Salamanca ta 1994, wadda gwamnatoci 92 suka amince da ita a wani taron ilimi a birnin Salamanca na ƙasar Sifen, ta nemi makarantu su karɓi kowane yaro, kuma sashe na 24 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu naƙasa ya ɗora wannan nauyi a kan ƙasashen da suka amince da ita. Amma a ganina abin da ya fi takarda tasiri shi ne a gayyato manya masu naƙasa da suka yi karatu, su tsaya gaban aji su faɗi abin da ya taimake su da abin da ya ƙona musu rai. Gani ya kori ji.

Sai a koya musu lura. Yaron da ke matse ido yana kallon allo, wanda ke karkato kunne ɗaya, wanda ke amsa tambaya da baki tiryan-tiryan amma karatu ya gagare shi, duk akwai abin dubawa. Malami ba likita ba ne. Aikinsa ya rubuta abin da ya gani, ya tattauna da iyaye cikin mutunci, ya san inda zai tura su.

Mataki na uku shi ne koyon dabaru a aikace, a nan kuma ya kamata a daɗe. Idan akwai kurma a aji, malami ya daina magana yana fuskantar allo. Ya juyo, haske ya faɗa kan fuskarsa, ya rubuta muhimman kalmomi. Ya koyi maganar hannu gwargwadon iko, ya kuma san cewa ba iri ɗaya ba ce a duniya, ta inda zai koyar ita zai koya. Idan makaho ne, malami ya karanta duk abin da ya rubuta a allo, ya kira sunan yaro kafin ya yi masa tambaya, ya bar cewa "wannan" da "can", ya kawo abin da za a taɓa. Ko bai ƙware ba, ya san yadda ɗigo shida na rubutun makafi, wanda Louis Braille ya ƙirƙiro, suke aiki. Mai keken guragu kuwa a buɗe masa hanya tsakanin bencina. Yaron da ke jinkirin fahimta, a rarraba masa umarni ɗaya bayan ɗaya. Kowane ɗalibin kwaleji ya gwada waɗannan a gaban 'yan uwansa, a gyara masa nan take.

Kada a killace wannan ilimi a kwas ɗaya na zaɓi. Mai koyar da dabarun lissafi, shi zai nuna yadda ake koya wa makaho rabawa, haka ma na kimiyya da na harshe.

Daga nan sai koyarwar gwaji. A tura ɗalibin kwaleji ajin da ke da mai naƙasa, a ƙarƙashin gogaggen malami. A ba shi yaro ɗaya ya bi shi tsawon zango: ya rubuta abin da yaron ya iya, abin da ake so ya kai gare shi, da dabarar da za a bi, ya riƙa gyarawa kowane mako. Ya kuma koyi tsara jarrabawa, ko da ƙarin lokaci, ko da manyan haruffa, ko amsa da baki, ba tare da an sauƙaƙa tambayar ba. Mai duba aikinsa ya sa wannan a cikin maki, ya zauna kusa da yaron ya ga ko darasin ya iso gare shi.