Yadda nake ajiye magarya daga hunturu har faɗuwar damina

Kakata, da muke ce wa Iya, ba ta taɓa sayen magarya da kuɗinta ba. Da an kai hatsi rumbu, iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai ta tura mu bayan gonarta ta wajen Mirya da tsohon zane da dogon kara. Ni yanzu a Birni nake zaune, cikin Damagaram, tiya-tiya nake saye a Kasuwar Dole ran Alhamis. Amma ajiyar irin tata nake yi, kuma magaryata takan kai Yuni ba ƙwaro ba wari.

In da kanki za ki ɗebo, shimfiɗa zane ƙarƙashin itacen ki kaɗa reshe da kara. Kada ki sa hannu, ƙayar magarya ƙugiya gare ta, ta kama ba ta saki. Wadda ta yi ja mai duhu ita ce nunanna. Ɗanya kore ki bar ta a sama, shanya ba ta ƙara mata zaƙi. Wadda kuwa ta kwana biyu a ƙasa, awaki sun riga ki, ki bar musu.

Babban aikin shi ne tsinta, kuma nan mutane ke ha'intar kansu. Zuba kaɗan-kaɗan a faifai, ki zauna inda haske yake. Duk wadda kika ga ɗan huji a jikinta kamar an soka allura, fitar da ita. Akwai wani ƙuda da ke sa ƙwai cikin 'ya'yan tun suna bisa itace, tsutsar tana ci daga ciki, fatar kuwa lafiya lau in ba ki duba da kyau ba. Haka mai baƙin tabo da wadda ta fashe. Na san da ciwo ki sayi tiya 5 ki ga kusan rabin tiya ta tafi wajen tumaki. Haƙuri za ki yi. Ni rediyo nake kunnawa, in sa yara su taya ni, kodayake abin da suke jefawa baki ya fi wanda suke tsincewa.

Ba na wankewa kafin shanya sai in ta yi ƙasa da yawa. In dole ne, da sassafe za ki ɗauraye, ki tsane a kwando, ki baza nan take.

Shanya a kan tabarma, bisa soro ko kan gado na ƙarfe a tsakar gida, kada a ƙasa tsirara. Ki baza ta sosai, kada wata ta hau wata. Ƙurar hunturu a garin nan ba sai an gaya miki ba, don haka nake rufa mata tsohon gidan sauro: rana da iska suna shiga, ƙuda da tsuntsu ba sa samu. A juya da hantsi, a juya da la'asar, a kwashe da magariba saboda ɓera. Sabuwar ɗiba takan ci mako guda. Ta kasuwa, ko mai sayarwa ya rantse ta bushe, ina ƙara mata kwana 3.

Ga yadda Iya ke gane bushewa. Ta ɗebi cikin hannu ta jefa turmi, ta ɗan kirɓa. In gari ya tashi, ƙwallon ya fita fes, ta yi. In ya manne wa taɓarya kamar ƙaro, da saura, a mayar rana. Ido yana ruɗi, don fata takan yamutse alhali ciki da danshi.

Shekarar da na yi aure na yi wautar da har yau ake mini dariya. Na kwashe magarya da tsakar rana, da zafinta, na ɗure a sashe, wato leda, na ɗaure. Kwana goma na buɗe, sai funfuna fari fat da wari kamar tsohon gasara. Da na kai kuka, Iya ta ce, “Jikata, ke ma in an rufe ki a ɗaki da zafin rana a jikinki, ai gumi za ki yi.” Tun daga nan sai ta huce a inuwa har dare kafin in zuba a mazubi.

Mazubin da ya fi mini shi ne bido mai murfi, wanda aka wanke da sabulu ya kwana biyu a kife. A cika shi har wuya a ɗaure tam, don rashin iska ke kashe ƙwaro. Ƙanana uku sun fi babba ɗaya, saboda wanda ake buɗewa kullum shi ke fara lalacewa. Mai buhu-buhu ya nemi buhun nan mai ruɓi uku da ake adana wake. A ɗora kan katako, nesa da bango, a ɗakin da ya fi sanyi, don a Afrilu zafin Zinder yana wuce digiri 40. Mai firiza na iya sa ta a ciki mako guda kafin ajiya, sanyin yana kashe ƙwai. Ƙwayar maganin da wasu ke jefa wa wake kuwa, kada ta kusanci abin da yara za su tsotsa.

Gari ba ya jimawa kamar ƙwaya, yana jan danshi yana dunƙulewa, shi ya sa nake daka na mako biyu kawai. A daka a hankali kada ƙwallon ya fashe, a tankaɗe. Da shi nake yin akkuri: yayyafin ruwa kaɗan har in an dunƙula ya kama, a danna a ƙananan gwangwanaye, a turara a madambaci kamar dambu, sannan a ba shi rana yini ɗaya. Sukari ba dole ba ne.

Duk wannan zancen magaryar daji ne. Babbar nan ta lambu, mai aure, da ake kira Pomme du Sahel, wadda cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, ta yaɗa daga irin Indiya, halinta dabam. Ruwa gare ta kamar tuffa, kwana uku ko huɗu a waje ta fara laushi. Kada a wanke ta sai za a ci. A sa a sashe mai huji a aljihun ƙasa na firigo, za ta yi mako ɗaya zuwa biyu in kuran, wato wutar lantarki, bai yi halinsa ba. In ta yi mini yawa, yanka ta nake siri-siri in cire ƙwallon in shanya kamar kauɗar tumatir, a bido nata dabam, kuma ita nake fara bai wa yara kafin a taɓa ta daji.