Yadda za ka bi tarihin Daular Farisa ta farko ba tare da ka rikice ba

Fara da raba dauloli. Kisra da ake ambata a littattafan sira sarkin Sasaniyawa ne, waɗanda suka yi mulki daga 224 zuwa 651 Miladiyya. Daular Farisa ta farko kuwa, wadda Sarki Sairus ya kafa, ta rushe fiye da shekara 500 kafin su. Sannan ka tuna shekarun kafin Miladiyya baya-baya ake ƙirga su, wato 550 ta riga 539. Nan masu koyo suka fi yin tuntuɓe.

Yanzu ɗauko taswira ka bi sawun yaƙi. Sairus ya fito daga Anshan, a kudu maso yammacin Iran ta yau. Ya kayar da Astiyajis, sarkin Mediyawa, a 550, ya ci Sardis ta ƙasar Lidiya, a yammacin Turkiyya ta yau, bayan 'yan shekaru, ya shiga Babila a 539. Ɗansa Kambisis ya ƙara da Masar a 525.

Inda ya kamata ka daɗe shi ne zamanin Dariyus na ɗaya, 522 zuwa 486, domin cin ƙasa daban, riƙe ta daban. Shi ya tsara larduna kusan 20, kowanne da gwamnansa da harajin da aka yanka masa. Ya buga kuɗin zinariya mai nauyin giram 8.4. Ja layi a taswirarka daga Sardis zuwa birnin Susa na ƙasar Iran: hanyar sarki ke nan, kimanin kilomita 2,500, da zango 111. Mai tafiya a ƙafa sai ya yi kwana 90, amma manzannin sarki suna sauya doki da mahayi a zango-zango, saƙo ba ya tsayawa dare da rana. Wasiƙun mulki kuma galibi da Aramaik ake rubuta su, ba da Farisanci ba.

Sai ka yi hattara da masu ba da labari. Hirodotus, marubucin tarihi na wancan zamani, Bagirke ne, kuma Girkawa da Farisa ba sa ga maciji. Rubutun dutsen Bisitun, mai harsuna uku, Dariyus ne ya sa aka sassaƙa don ya halatta hawansa karaga, ga shi ba ɗan Sairus ba ne. Karanta su tare, ka lura da inda suka saɓa.

Kada kuma ka haɗa Dariyus na ɗaya da Dariyus na uku, wanda Iskandar na Makidoniya ya fatattaka a Gaugamela a 331.