Kurakuran da sababbin 'yan Minecraft da masu sayen gem ɗin da ba a gama ba suke ta maimaitawa

Kusan kullum sai wani ya turo mini hoton allon wayarsa ko na kwamfutarsa da kuka iri ɗaya. Wannan ya ce, "Yaya, duniyata ta ƙi buɗewa." Wancan ya ce, "Kayana duk sun ƙone." Wani kuma ya ce ya sayi gem da kuɗinsa, ashe ba a gama shi ba. Na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na tara su a nan.

Irin wasannin da nake nufi su ne waɗanda ake sakin mutum a fili babu mai ce masa je ka can ko yi kaza: Minecraft, Terraria, Valheim, Project Zomboid, Rust, 7 Days to Die da makamantansu. Da yawansu tun ana kan gina su aka fara sayar da su. Minecraft kansa haka ya taso. Markus Persson, ɗan ƙasar Suwidin, ya sake shi a 2009, mutane suna saye ana ta ƙara masa abubuwa, sai a watan Nuwamba na 2011 aka ce ya kammala. A watan Maris na 2013 Steam, kasuwar sayar da gem ta kwamfuta a intanet, ta buɗe sashen da ta kira Early Access, inda ake sayar da gem tun ba a gama shi ba, wannan salon ciniki ya zama ruwan dare. To, halin waɗannan wasanni guda biyu ne: ba sa koya maka komai, kuma suna canzawa kana tsakiyar bugawa. Kusan duk kukan da ake kawo mini daga nan ya samo asali.

Bari in fara da wanda ya fi ci mini rai: rashin ajiye kwafin duniya.

Duniyar da ka gina, da gidanka, da gonarka, da akwatunan da ka cika da ƙarfe da daimon, duk folda ɗaya ce a cikin na'urarka. Folda ce kamar ta hotuna. Tana lalacewa, tana gogewa. Ni da ƙannena mun taɓa samun wata duniya da muka yi watanni muna ginawa a wata tsohuwar laftof da batirinta ya mutu, wadda in an zare caja take ɗaukewa nan take. Mun yi gari guda, har da ganuwa da ƙofofi, da layin dogo daga gida zuwa wurin haƙa. Wata rana da yamma ƙaramin cikinmu yana ciki, ya danna ajiyewa zai fita, aka ɗauke wuta. Da aka dawo da ita muka kunna, sunan duniyar ma babu shi a jeri. Yaron ya zauna yana ta danna linzami sama da ƙasa, kamar za ta fito daga ƙarƙashin wata. A lokacin babu wanda ya san cewa a Minecraft na Java, wato irin na kwamfuta, akwai wani fayil mai suna level.dat_old a cikin foldar, wanda sau da yawa in ka goge lalataccen level.dat ka sa wa tsohon sunansa, duniyar za ta tashi. Cikin haushi aka goge foldar gaba ɗaya. Aikin baban giwa.

Abin da nake yi tun daga nan ba shi da wuya, kasala ce kawai ke hana mutane. A kwamfuta, ka rubuta %appdata% a wurin bincike, ka shiga .minecraft, ka buɗe saves, ka kwafi foldar duniyarka zuwa filashi. Ko kuma daga cikin gem ɗin, ka zaɓi duniyar, ka shiga wurin gyara, akwai maɓallin yin kwafi. Ni duk ranar Juma'a nake yi, in sa kwanan wata a jikin sunan, kuma ina barin uku na baya-bayan nan. Wasu za su ce ya yi yawa. Su suka sani. Kwafin da ke cikin laftof ɗaya da na ainihin ba kwafi ba ne a wurina, don in an sace ta ko ta ƙone, tare za su tafi.

Ku masu bugawa a waya, naku ya fi muni, kuma ku ne kuka fi taurin kai. Memori ya cika, sai yaro ya cire Minecraft da niyyar zai sake saukewa gobe. In ka cire shi, duniyoyinka sun bi shi. Haka in ka kai waya gyara aka yi mata wankin ciki. Sai ka zo kana tambayata ko akwai yadda za a yi. Babu. Ihu bayan hari ne.

Kuma lokacin da ya fi kowanne haɗari shi ne lokacin sabuntawa. Kada ka buɗe duniyar da kake ji da ita a sabon fitowa, musamman na gwaji, ba tare da ka ɗauki kwafi ba. Duniya tana tafiya gaba, ba ta komawa baya: in ka buɗe ta a sabon fitowa sannan ka mayar da ita tsoho, kana iya tarar da ita a yayyage, rabin gida a tsaye rabi babu. Haka in ka cire mod, wato ƙarin da wasu 'yan wasa suke haɗawa a ɗora wa gem, duk wani tubali da akwatin da mod ɗin ya kawo zai ɓace da abin da ke cikinsa. Wasu wasannin ma ba sa ɓoyewa. Masu Project Zomboid da suka saki Build 42 na gwaji a watan Disamba na 2024, tsofaffin ajiyar Build 41 ba sa aiki a kansa. Baldur's Gate 3, da ya yi kusan shekara uku a Early Access, da ya fito a kammale a watan Agusta na 2023 sai kowa ya faro daga farko.

Ƙananan kurakuran Minecraft kuma, ga su a gurguje. Kada ka haƙa ƙasa kai tsaye a ƙarƙashin ƙafarka, narkakken dutse ko rami na jiranka. Kada ka shiga kogo babu bokitin ruwa. Gado a Nether, duniyar wuta ta cikin gem ɗin, fashewa yake yi, ba a kwana a can. Daimon sai da digar ƙarfe, in ka sare shi da ta dutse ya tafi a banza. Ka kunna lambobin wuri, F3 a Java, a waya kuma yana cikin saitin duniya, ka rubuta lambar gidanka a takarda. In ka shiga kogo ka riƙa kafa fitilu a bangon dama kawai, in za ka fito su koma hagunka. Kuma daren farko ba na gina bene ba ne, rana da dare duka minti 20 ne, ka haƙa rami a jikin tudu ka toshe bakinsa.

Akwai wani da zan ɗan tsaya a kansa. In ka mutu, kayanka suna ɓacewa bayan minti 5, kowa ya san wannan, shi ya sa ake zabura a guje hannu rabbana cikin dare a sake mutuwa. Abin da ba a sani ba shi ne, agogon yana tafiya ne kawai in yankin yana buɗe, wato in akwai ɗan wasa a kusa. In ka mutu can nesa da gida, kayanka suna nan a daskare har sai ka doso wurin. Ka zauna ka ƙera takobi, ka ci abinci, ka jira gari ya waye.

A Valheim kuwa, bishiyar da ka sare ita ce za ta fara kashe ka, ka matsa gefe. Gyaran kayan aiki kyauta ne a teburin sana'a, amma sai in ga mutum yana ƙera sabon gatari. Ka bar wa hayaƙi mafita a rufin ɗaki. Tagulla da kuza da ƙarfe ba sa ratsa ƙofar sihiri ta katako, mai jefa ka wani wuri nan take, sai in an canza saitin duniyar, don haka kwale-kwale ko amalanke ne abokin tafiyarka.

Yanzu ga babban kuskure na biyu, wanda ya taɓa aljihuna, kuma a nan ba zan sassauta wa kowa ba: sayen alƙawari.

Cinikin biri a sama kenan. Ka ga bidiyon talla, an nuna maka birane da jiragen ruwa da yaƙin mutum ɗari, an jera maka taswirar abubuwan da za a ƙara nan da shekara. Ka sha wahalar neman katin da zai biya da dala, ka biya. Ni na yi wannan da wani gem na tsira a daji da ba zan ambaci sunansa ba. Da na shiga, daji ne da bishiyoyi da wata bukka, in ka jingina da bango sai ka faɗa ƙarƙashin ƙasa kana ta lulawa. Maimakon in nemi kuɗina, sai na ce ai ana kan gyara. Na ci gaba da zagaye har lokacin mayar da kuɗi ya wuce. Masu gem ɗin suka yi sabuntawa ɗaya, suka yi biyu, daga nan shiru kake ji.

Steam fa ba ta yaudari kowa ba a nan. A shafin kowane irin wannan gem akwai shuɗin akwati da ke cewa ba a kammala shi ba, kuma mai yiwuwa ya canza, mai yiwuwa kada ya canza, in yadda yake yanzu bai burge ka ba ka jira. Wa ke karantawa? Dokar mayar da kuɗi ma a fili take: cikin kwana 14 da saye, kuma kada wasan ya kai awa 2. Awa biyun nan tana tafiya ne muddin gem ɗin yana buɗe, ko da kana saita hoto ne, ko ka bar shi ka tafi sallah. Ni ƙararrawa nake sawa a waya a kan minti 90. In ta kaɗa na tambayi kaina, da a ce daga yau ba za a ƙara masa ko tsinke ba, zan ci gaba da bugawa? In amsar a'a ce, a ranar nake neman kuɗina.

Kada wani ya ce ai manyan kamfanoni ba sa haka. Kerbal Space Program 2 ya shiga Early Access a watan Fabrairu na 2023 da babban kamfani a bayansa, a 2024 aka rufe ɗakin aikin da ke gina shi. The Day Before, wanda ya taɓa zama kan gaba a jerin wasannin da mutane ke jira a Steam, ya fito ranar 7 ga Disamba 2023, bayan kwana huɗu kamfanin Fntastic ya sanar da rufewa. Ba kuma ina cewa duk na banza ba ne. Valheim mutum biyar ne suka fitar da shi a watan Fabrairu na 2021, kuma tun a makon farko ya sayar da kwafi miliyan ɗaya, saboda abin da ke cikinsa a ranar ya isa a buga. Subnautica, Factorio da Satisfactory duk ta wannan hanya suka biyo suka kai gaci. 7 Days to Die ya shiga a ƙarshen 2013, sai a Yulin 2024 ya kammala, sama da shekara goma, kuma da ya kammala kuɗinsa ya tashi daga kusan dala 25 zuwa kusan 45. Wanda ya saya da wuri ya ci riba. Amma ya ci ne don yana jin daɗin abin da ke hannunsa tsawon shekarun, ba don ya zauna jiran gawon shanu ba.

Kafin in saya, abu uku nake dubawa, kuma ba na kallon bidiyon talla sam. Ina duba ra'ayoyin kwanan nan, ba na jimilla ba, don gem na iya tara yabo shekara uku da suka wuce alhali yanzu kowa zagi yake. Ina duba ranar sabuntawa ta ƙarshe, ta gaske, ba sanarwar "muna nan muna aiki" ba. Sannan in nemi bidiyon wani talaka irina yana bugawa a kwamfuta mai ƙarfin tawa, domin wasan da ba a gama ba yakan fi nauyi fiye da yadda aka rubuta.

Maganar bidiyo ta tuna mini da wani. Ku riƙa duba shekarar bidiyon koyarwa kafin ku bi shi. Har yau akwai masu haƙa a mataki na 11 ko 12 na lambar tsayin ƙasa a Minecraft suna neman daimon, don wani bidiyo na da ya ce haka. Tun fitowar 1.18 a ƙarshen 2021 ƙasar Minecraft ta ƙara zurfi har zuwa -64, kuma daimon ya fi yawa can ƙasa wajen -58. Kana sama kana ta zufa.

Sai masu karɓar "Minecraft mai komai a buɗe" ta Xender ko a gurup ɗin WhatsApp. Ba ka san wanda ya taɓa fayil ɗin ba, kuma wayar da za ka sa shi ita ce mai manhajar bankinka. Ko a manyan wuraren sauke mod an taɓa shigar da cuta: a watan Yuni na 2023 an gano wata mai suna fractureiser a cikin wasu mod na CurseForge, tana satar bayanan shiga asusu. In can ma an samu, ina ga fayil ɗin da ya ratso wayoyi goma kafin ya iso gare ka?

Na ƙarshe na masu sayen data ne da gumin goshi. Wasan da ake kan ginawa yana iya sauke sabuntawa mai nauyin giga da yawa ba sallama, ka haɗa hotspot don duba saƙo ka ga data ta ƙare. Ka shiga saitin kowane gem a Steam, ka mayar da shi kada ya sabunta sai ka buɗe shi da kanka. Kuma a ranar da babbar sabuntawa ta fito, ni ba na taɓa ta. Ina bari a yi kwana biyu ko uku, masu gaggawa su ci karo da matsalolin, a fitar da gyaran gyara, sannan in ɗauki kwafin duniyata in sauke sau ɗaya da datar dare.