Yadda ake renon Cotyledon, shukar ado mai ganye kamar azurfa

Cotyledon orbiculata shuka ce 'yar asalin kudancin Afirka, inda take fitowa a kan duwatsu da tuddai masu tsakuwa. Ganyenta kauri gare shi, cike da ruwa, fari-fari kamar an barbaɗa masa garin azurfa, sau da yawa da jan layi siriri a bakinsa. A can ana kiranta kunnen alade saboda siffar ganyen. Tana jure ƙishirwa ƙwarai, amma ba ta jure dausayi, kuma akasarin waɗanda ta mutu a hannunsu yawan ban ruwa ne ya kashe ta.

Mataki na farko shi ne tukunya da ƙasa. Ka samu tukunya mai huda a gindi. Ta yumɓu ta fi ta roba a ganina, domin jikinta yana tsotse danshi. Kada ta yi wa shukar girma, saboda ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba takan daɗe a jiƙe. Ka haɗa ƙasar shuka kashi ɗaya da yashi mai tsakuwa kashi ɗaya. Gwajin mai sauƙi ne: ka jiƙa haɗin ka dunƙula a hannu, in ya warwatse da ka buɗe tafinka ya yi, in ya tsaya curi sai ka ƙara yashi.

Na biyu, dashe. Ka yanko reshe mai tsawon kamar santimita 10 da wuƙa mai tsabta, ka cire ganyen ƙasa, ka ajiye shi a inuwa kwana 3 zuwa 7 har bakin yankan ya bushe. Mutane na tsallake wannan jiran, shi ya sa reshen yake ruɓewa tun bai yi saiwa ba. Daga nan ka kafa shi a busasshiyar ƙasa, ka bar shi mako guda kafin ka ba shi ruwa kaɗan. Cikin makonni kaɗan zai kama.

Na uku, haske. Ka ajiye ta inda za ta sha ranar safe awa 4 zuwa 6. In haske ya yi mata kaɗan, karan yakan miƙe ya rame, ganyen ya koma kore. Wadda ta saba da ɗaki kuwa, a fitar da ita rana sannu a hankali, in ba haka ba ganyen ya ƙone.

Ban ruwa shi ne inda aikin yake. Ka zuba ruwa a gindin shukar har ya fito ta hudar tukunya, sannan ka ƙyale ta sai ƙasar ta bushe ƙayau. Kada ka bi lissafin kwanaki, ka soka tsinke har ƙasa, in ya fito da laima ka dakata. Ganye mai yamushewa alamar ƙishirwa ce, da ta sha ruwa za ta murmure. Ganye mai laushi da ya yi rawaya kuwa, ko kara da ya yi baƙi daga gindi, ruɓa ce ta shiga. A nan ka yi maza ka yanke saman da bai taɓu ba, ka sake dasa shi kamar yadda aka faɗa. Lokacin sanyi a rage ruwa sosai, lokacin ruwan sama kuma a janye tukunyar ƙarƙashin rumfa.

Sai farar hodar nan, wadda ita ce adon shukar gaba ɗaya. Ba ƙura ba ce, wani irin kaki ne da ganyen ke fitarwa don kare kansa daga zafin rana da asarar ruwa. Inda yatsa ya shafe ta ba ta dawowa a wannan ganyen, sai dai sabon toho. Don haka kada ka goge ganyen, kada ka fesa masa ruwa, in za ka ɗaga ta ka kama tukunyar.

Taki kaɗan ya ishe ta, sau ɗaya ko biyu a lokacin da take toho. Ka riƙa duba tsakanin ganye da kara, nan wasu fararen ƙwari masu kama da auduga suke ɓuya suna tsotsar ruwanta. Auduga da aka tsoma a sifirit tana kashe su, a ɗan taɓa ƙwaron kawai.

Shukar tana da guba mai taɓa zuciya da jijiyoyi, an san tana kashe tumaki da awaki a Afirka ta Kudu, don haka a nisanta ta da dabbobi da yara. In ta samu rana yadda ya kamata, za ta fitar da dogon kara, furanni ja-ja ko ruwan lemo su rataya a kansa kamar ƙananan ƙararrawa. Da sun bushe sai ka yanke karan furannin daga tushensa.