Yadda Za A Kai Tallafi Ƙauye Ba Tare Da An Tozarta Mabuƙata Ba

Duk wanda zai sayi hatsi a Dawanau, ko ya tara kuɗi a cikin birnin Kano domin kai wa mutanen ƙauyensu, ya kamata ya san cewa wanda ya fi buƙata shi ne ya fi jin nauyin fitowa. A ƙauye kowa ya san kowa, kuma magidancin da aka gani a layi yau, gobe za a goranta wa 'ya'yansa a dandali. Alhali rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya nuna kashi 72 cikin 100 na mazauna karkara suna fama da talauci ta fuskoki da dama, don haka babu dalilin ware wani gida da tsangwama.

A fara da tantance sunaye cikin sirri tare da dagaci da liman, sannan lallai a haɗa da dattijuwa mai amana, kamar ungozoma, domin ita ke shiga gidaje, ita ta san inda aka kwana ba a ɗora tukunya ba. Kada a karanta sunayen a bainar jama'a.

Wajen rabo, a guji tara mutane a ƙofar fada. Ya fi kyau a bi gida-gida bayan magariba, ko a tura kuɗin ta asusu, mutum ya cira wurin mai POS kamar kowa. Maganar hoto kuwa, ina ganin nan ne aka fi zaluntar mutane: a tsayar da bazawara riƙe da buhu, a watsa fuskarta a Facebook, surukanta da maƙwabta su gani. Idan masu bayarwa na neman shaida, a ɗauki hoton kayan, a karɓi sa hannu ko dangwale a rajista.

A kula da lafazi. Zakka haƙƙin mai karɓa ce, kamar yadda aya ta 60 ta Suratut Tauba ta fayyace, tallafin gwamnati kuma daga dukiyar al'umma yake fitowa, saboda haka a ce masa rabonsa ne aka kawo. A roƙi liman ya tunatar a huɗuba cewa gori yana ɓata sadaka. Wanda ya ƙi karɓa kada a matsa masa. A jira kwana biyu, a aika ta hannun ɗan'uwan da yake sakewa da shi.